Na Biya Kuɗin Sauraro Ba Talla, Tallar Caca da ta Giya Suka Biyo Ni: Bitar Wata Manhajar Fodkas

Wata takwas na yi ina biyan kuɗin wata-wata ga wata manhajar sauraron fodkas, wato shirye-shiryen murya da ake saukewa ta intanet a saurara a lokacin da aka ga dama, kuma ina ganin na yi amfani da ita iya gwargwadon da zan iya faɗin daɗinta da aibinta ba tare da na zalunce ta ba. Ina zaune a Leeds da ke arewacin Ingila, aikina kuma na dare ne a wani gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari, saboda haka kusan kullum ina shafe minti 40 a mota wajen tafiya da wasu 40 wajen dawowa, ba ni da abokin hira sai abin da ke fitowa daga wayata. Ba zan kama sunan manhajar ba, domin aibin da zan fi daɗewa a kansa ba nata ba ne ita kaɗai, kuma idan na kama suna mai karatu zai ɗauka cewa da zarar ya koma wata manhajar ya tsira, alhali ba haka abin yake ba.

A fannin aiki ba ni da ƙorafi mai yawa. Sauti yana fita tas, ko a cikin mota ko a belun kunne. Tana sauke sababbin shirye-shirye da kanta idan na shiga gida wayar ta hau intanet ɗin gida, don haka ba ta cin datar waya a hanya, kuma tana tuna daidai inda na tsaya ko da na bar shiri kwana uku ban koma masa ba. Akwai damar ƙara saurin magana ga wanda yake gaggawa, akwai kuma agogon da ke kashe shirin bayan mintunan da aka zaɓa, wanda ya yi mini amfani ƙwarai a matsayina na mai barcin rana. Shirye-shiryen Hausa na manyan gidajen rediyon ƙetare suna nan ana samun su, sai dai wurin bincikenta bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, domin idan na rubuta ƙwallo da ƙ ba ya kawo komai sai na mayar da ita k. Wannan ƙaramin abu ne, na kuma saba da shi.

Abin da ya sa na fara biya shi ne alkawarin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a shafin rajista, cewa mai biya zai saurara ba talla. Kuɗin fam 4 ne da 'yan kai a wata, bai kai na abincin rana ɗaya a tsakiyar gari ba, don haka ban tsaya karanta ƙananan rubuce-rubucen da ke ƙasa ba. Gaskiya ne hotunan talla da ke tsayawa a ƙasan fuskar waya sun ɓace tun daga ranar. Amma tallar da ke cikin shirin kansa, wadda ita ce ta dame ni tun farko, ko gezau ba ta yi ba. Tsugune dai ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ranar da abin ya fita daga sahun abin haushi ya zama abin damuwa a wurina wata Asabar ce da safe, ina kai ɗana mai shekara 13 makarantar Islamiyya. Mun saba sauraron wani shirin ƙwallon ƙafa tare, na wasu mutum uku masu barkwanci da suke fashin baƙin wasannin gasar Firimiya, kuma wannan na cikin 'yan abubuwan da ni da shi muke haɗuwa a kansu ba tare da na yi masa faɗa ba. Ana tsakiyar muhawara a kan wani bugun fenareti, sai babban mai gabatarwar ya sauya zance ba tare da ya sauya murya ba, ya ce shi kam a wannan makon ya sa kuɗinsa a kan cewa wani ɗan wasan gaba zai fara zura ƙwallo, kuma duk wanda ya buɗe sabon asusu da sunan shirin ya zuba fam 10 za a ba shi ƙarin kuɗin caca kyauta. Abokan nasa suka yi dariya, ɗaya ya tsokane shi cewa a makon jiya ma ya faɗi. Daga nan sai wata murya ta daban ta karanto sharuɗɗa da saurin da ko ni da nake jin Turanci kullum ban kama rabinsu ba. Yaron ya juyo ya ce, “Abba, idan kyauta suke bayarwa, ai ba asara ke nan ko?” Hannuna biyu suna kan sitiyari a tsakiyar shataletale, ban ma samu damar danna maɓallin tsallakewa ba, kuma amsar da na ba shi a lokacin ba ta gamsar da ni ba balle shi.

Bayan wannan ne na zauna na nemi sanin yadda tallar take shigowa, kuma abin da na fahimta ya rage mini fushi da manhajar ta wani ɓangare, ya ƙara mini ta wani. Yawancin manhajojin fodkas ba su ne ke ajiye shirye-shiryen ba. Mai shiri yana ɗora sautinsa ne a wajen wani kamfanin ajiya, irin su Acast na ƙasar Sweden ko Megaphone da Spotify ya saya a 2020 a kan dala miliyan 235, manhajar kuma aikinta ta je ta ɗauko ta kunna. A daidai lokacin da waya ta nemi shirin, kwamfutar kamfanin ajiyar tana duba adireshin intanet ɗin da buƙatar ta fito, ta gane ƙasa da yankin da mai sauraro yake da irin wayar da ke hannunsa, sannan ta ɗinka talla a guraben da aka tanada, a farko da tsakiya da ƙarshe, ta miƙo sautin a matsayin abu guda. Saboda haka manhajar ba ta ma san inda shiri ya tsaya talla ta fara ba. Na tabbatar da wannan da kunnena lokacin da na je hutu Zariya, inda na sake sauke wani tsohon shiri da na riga na ji a Leeds, sai na tarar gurbin da a can aka cika da tallar caca a nan babu komai a cikinsa, kiɗan shiga talla ya kaɗa, na fita ya biyo baya nan take. Abin lura a nan shi ne cewa tsarin ya san garin da nake da irin wayata, amma bai san cewa akwai yaro ɗan shekara 13 a kujerar gefe ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayata.

Wannan tallar da na'ura ke ɗinkawa ita ce mai sauƙin, domin muryar baƙo ce, kunne yana gane ta ya kauce. Wadda ta fi shiga jiki ita ce wadda mai gabatarwa yake karantawa da bakinsa. Mutumin da ka shafe shekara biyu kana ji sau biyu a mako, ka san sunan karensa, ka san ƙungiyar da yake goyon baya da ranar da mahaifinsa ya rasu, ya riga ya zama kamar abokin zaman majalisa, kuma idan ya ce ya gwada abu ya ji daɗinsa, zuciya ba ta karɓar maganar a matsayin talla. Kamfanonin caca sun san darajar wannan amana, shi ya sa suke biyan ta da tsada. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni a watan Mayun 2018, kuɗin caca ya kwarara cikin shirye-shiryen wasanni na ƙasar. A 2021 an ruwaito cewa kamfanin caca na DraftKings ya ƙulla yarjejeniyar kimanin dala miliyan 50 da kamfanin Dan Le Batard, mai gabatar da shirin wasanni, a ƙarshen shekarar kuma takwaransa FanDuel ya ƙulla wata ta kimanin dala miliyan 120 da wani mai gabatarwar, Pat McAfee. Kamfanin caca na Penn ma bai tsaya sayen talla ba, sai da ya sayi hannun jari a kamfanin shirye-shiryen wasanni na Barstool Sports a 2020, ya mallake shi gaba ɗaya a farkon 2023, kafin ya mayar wa wanda ya kafa shi a kan dala 1 bayan 'yan watanni. Idan kuɗin shiri daga can yake fitowa, ba abin mamaki ba ne ka ji hirar ƙwallo ta koma hirar wa ake sa ran zai ci da nawa za a samu idan an canka daidai, har ya zama ko an cire gurbin tallar, cacar tana nan a cikin zancen.

Wani zai ce wannan damuwar Musulmi ce da addininsa ya haramta masa caca da giya a aya guda, kuma ba na musun cewa daga nan ƙyamata ta faro. Amma waɗanda suka fi ɗaga murya a kan lamarin a nan Ingila likitoci ne da masana lafiyar al'umma, waɗanda akasarinsu babu ruwansu da haramci. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke dogaro da shi wajen tantance cututtuka ya sanya jarabar caca a babi ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta a cikin cututtuka. A watan Oktoban 2024 kwamitin masana da mujallar kiwon lafiya ta Lancet Public Health ta kafa ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 450 a duniya caca ta taɓa su ta wata fuska mai cutarwa, daga ciki kuma kimanin miliyan 80 sun kai matakin cuta sosai. Adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya kawo a rahotonsa na 2020, cewa kashi 60 cikin 100 na ribar masana'antar yana fitowa ne daga kashi 5 cikin 100 na masu caca, waɗanda ko dai sun riga sun kamu ko suna bakin kamuwa. Wannan yana nufin cewa mutumin da ke sa fam 2 sau ɗaya a shekara ba shi ne ke riƙe da kasuwar ba. Wanda ke riƙe da ita shi ne wanda ya kasa dainawa, kuma shi ne tallar ta fi yi wa illa.

Na ga haka a cikin gidana. Wani ƙanin matata da ya zo karatun digiri na biyu ya faɗa cacar ƙwallo a shekararsa ta farko, ya fara da kuɗin aikin da yake yi a ƙarshen mako, ya wuce zuwa kuɗin haya, har ya taɓa kuɗin makaranta da aka aiko masa daga gida. Ba mu sani ba sai da mai gidan hayar ya ba shi wa'adi. Da asiri ya tonu ya yi abin da ya kamata, ya yi rajista da GamStop, tsarin da ke toshe mutum daga duk kamfanonin cacar intanet masu lasisi a Birtaniya na wata 6 ko shekara 1 ko shekara 5, wanda tun watan Maris na 2020 ya zama dole kowane kamfani ya shiga. Ya kunna makullin da bankinsa ya tanada na hana biyan kuɗi ga kamfanonin caca, irin wanda bankunan Monzo da Starling suka fara kawowa a 2018. Ya kuma fara zuwa ganin masu ba da shawara, domin a nan Leeds ɗin hukumar lafiya ta ƙasa ta buɗe asibitin masu jarabar caca tun 2019. Duk ƙofofin da ake iya rufewa ya rufe. Wata rana muna shan shayi bayan sallar isha'i na tambaye shi ko ya ji shirin wannan makon, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, ai na daina jin su gaba ɗaya. Idan mutumin nan ya fara faɗin wanda zai ci, sai in ji tafin hannuna yana gumi, in kwana ina lissafin tikitin da da na buga.” Yaron da ya taso yana zuwa gidan kallon ƙwallo tun yana firamare ya hakura da hirar ƙwallo ɗungurungum, saboda babu wani maɓalli a manhajar da zai ce mata shi marar lafiya ne, a ɗauke masa wannan.

Tallar giya ba ta kai ta caca yawa a shirye-shiryen da nake ji ba, amma tana nan, kuma salonta ya fi laushi. An fi jin ta a shirye-shiryen barkwanci da na tarihi da na labaran laifuka, inda mai gabatarwa zai ba da labarin akwatin giya iri-iri da wani kamfani ke aiko masa har ƙofar gida kowane wata, akwatin farko kyauta in ban da kuɗin aike. Akwai kuma tallar giya marar sa maye, wadda take ɗauke da suna da tambarin mai sa mayen, ta yadda sunan yake zama a kunne ko da wadda aka ambata ba ta bugarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, kuma tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sanya ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, rukuni ɗaya da taba. A Birtaniya mutanen da giya ta kashe kai tsaye, akasari ta hanyar ciwon hanta, sun haura 10,000 a 2023. A gidan da nake aiki na sha canza wa tsofaffin da giya ta cinye wa ƙwaƙwalwa kaya da tsakar dare, wasunsu ba su kai shekarun da ya kamata a ce suna can ba, sannan in fito da asuba in shiga mota in ji ana yi mini tayin akwati kyauta.

Abin da ya ba fodkas wannan sarari shi ne cewa dokokin da ake da su an gina su ne a kan agogo da allo. Dokar caca ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ita ce ta buɗe ƙofar tallar caca a talabijin da rediyon Birtaniya. Da koke ya yi yawa, kamfanonin suka amince da kansu a 2019 cewa ba za su yi talla a talabijin ba daga minti 5 kafin a fara wasan da ake nunawa kai tsaye zuwa minti 5 bayan an tashi, matuƙar kafin ƙarfe 9 na dare ne. A 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta hana amfani da fitattun 'yan ƙwallon da yara ke so a tallar caca, a 2023 kuma ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Duk waɗannan suna da amfani, amma shirin da aka sauke a waya ba shi da ƙarfe 9, ana jin sa da hantsi a hanyar makaranta kamar yadda ake jin sa da tsakar dare. Ƙa'idar da ta shafe shi ita ce wadda ta hana tallar caca ko giya a duk kafar da yara suka haura kashi 25 cikin 100 na masu bibiyarta, kuma tun da wayar uba ce ta sauke shirin, a lissafi babba ne ya saurara, ko da yara uku ne a bayan motar. Gargaɗin da ake liƙawa a ƙarshen tallar, cewa a yi caca da hankali, ko na da can mai cewa a tsaya idan nishaɗi ya ƙare, yana ɗora nauyin ne a kan mutumin da cutarsa ita ce rashin iya tsayawa.

Na rubuta wa sashen kula da masu hulɗa na manhajar, na bayyana musu duk wannan cikin ladabi, na tambaya ko akwai hanyar da zan zaɓi kada a sa mini tallar caca da ta giya, ko da za a musanya su da tallar katifa ko inshorar mota. Amsa ta zo cikin kwana biyu, wanda a yaba musu ne, kuma mutum ne ya rubuta ta. Ya ce sun fahimci damuwata, amma tallar da ke cikin shiri ta masu shirin ce, ba su da iko a kanta, ya nuna mini layin da ya faɗi haka a sharuɗɗan da na amince da su, ya kuma ba ni shawarar in yi amfani da maɓallin tsallake daƙiƙa 30. A zahiri bai yi ƙarya ba. Sai dai kamfanin da ya san cewa ba zai iya cire tallar cikin shiri ba bai kamata ya rubuta sauraro ba talla da manyan baƙaƙe ya ɓoye togaciyar a ƙasa ba. Akwai kuma abin da yake cikin ikonsu ko da ba su taɓa sautin ba. Suna sanya alama a kan shirin da ke da zagi ko batsa, har iyaye suna iya toshe irin waɗannan a saitin yara, to me zai hana a nemi masu shiri su bayyana ko suna karɓar tallar caca da giya, a sanya alamar a gefen sunan shirin, mai sauraro ya sani kafin ya danna? Na tambaye shi wannan a wasiƙa ta biyu, ya ce zai miƙa shawarar ga waɗanda abin ya shafa, kuma daga nan ban sake jin komai ba.

Ba zan karɓi uzurin cewa abin ba ya yiwuwa ba, domin wasu sun yi. Tun watan Disamban 2020 Google ya fara ba masu kallon YouTube a Amurka damar rage tallar caca da giya daga saitinsu, daga baya ya faɗaɗa zuwa sauran ƙasashe, ko da yake ragewa ya ce ba kawarwa ba. Tashar SBS ta Ostareliya ta ba masu kallonta ta intanet damar cire tallar caca da giya da abincin gaggawa tun 2024, a ƙasar da kwamitin majalisa ƙarƙashin 'yar majalisa marigayiya Peta Murphy ya ba da shawarar a hana tallar cacar intanet baki ɗaya cikin shekara uku. Jaridar Guardian ta sanar a watan Yunin 2023 cewa ta daina karɓar tallar caca a duk kafafenta, har da shirye-shiryenta na murya, in ban da tallar irin cacar ƙuri'a ta ƙasa, kuma shirinta na ƙwallo bai mutu ba. Italiya ta hana tallar caca da dokar 2018, Beljiyam ta bi sahu da tsauraran matakai a 2023, Faransa kuwa tun 1991 ta hana tallar giya a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni. Fasahar da ta iya gane cewa ina Zariya ta ɗauke mini talla ba za ta gaza gane cewa na ce ba na so ba, idan an ga dama a tambaye ni.

Ina tausaya wa ƙananan masu shiri, kuma ya kamata a faɗi wannan. Mutum uku da suka ajiye ayyukansu suka kama haya suka sayi makirufo suna da iyalan da za su ciyar, mu masu sauraro kuma mun saba da samun komai kyauta, kamfanonin caca kuwa suna biyan abin da mai sayar da katifa ba zai iya biya ba. Wasu ma ba su san tallar da na'ura ke ɗinkawa a shirinsu ba sai mai sauraro ya faɗa musu, duk da cewa kamfanonin ajiya kan ba su damar toshe rukunin tallar da ba sa so. Amma wanda ya karanta da bakinsa, ya haɗa da labarin cacar da shi ya buga, ya san abin da yake sayarwa, kuma ya san cewa a cikin dubban da ke jin sa akwai irin ƙanin matata.

Lamarin bai tsaya a Turai ba, domin matasanmu na gida suna bin waɗannan shirye-shiryen na Firimiya ta waya kamar yadda muke bi a nan, kuma tallar da mai gabatarwa ya karanta da bakinsa a cikin ainihin sautin ba ta duba iyakar ƙasa. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a Kano, a watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Shago ana iya garƙame shi da kwaɗo, amma wanda ya koma cikin waya da belun kunne babu mai ganin shigarsa. Masu shirya fodkas da Hausa, waɗanda yanzu suke tasowa, za su fuskanci wannan tayin da zarar masu sauraronsu sun yi yawa, kuma gara su duba saitin tallar kamfanin da suke ɗora shirinsu tun yanzu su ga abin da aka bari a buɗe da sunansu.

Hukuncina a kan manhajar shi ne cewa a matsayin na'urar kunna sauti ta cancanci yabo, kuma wanda yake sauraro shi kaɗai, babba, ba shi da rauni a kan caca ko giya, zai ji daɗinta ko bai biya ko sisi ba. Tsarin biyan kuɗinta kuwa ban ga dalilin da zan ba wani shawarar ya shiga ba, tun da abin da yake cirewa ba shi ne abin da ke damun mutane ba. Ga mai yara a mota, ko wanda yake fama da barin caca ko giya, ba ta da wata kariya da ta wuce yatsansa. Na soke rajistar a ƙarshen watan jiya. Fam 4 ɗin na mayar da su ga wani shirin tarihi da ke ba masu tallafa masa kai tsaye sauti na daban wanda babu talla a ciki, kuma wannan ita ce hanya ɗaya da na gwada ta yi aiki yadda aka ce. Shirin ƙwallon mutum ukun nan har yanzu ina jin sa a hanyar dawowa daga aiki, ni kaɗai, yatsana kusa da maɓalli. Ranar Asabar kuwa ni da yaron mun koma shirin da ba ya karɓar kuɗin caca, ko da yake ya ce waɗannan ba su kai na da ban dariya ba, kuma a wannan ban yi masa musu ba.